Gyaran Silinda da Fistin: Abin da Ke Cin Injin Mota a Hanyar Jibiya

Daddara gari ne da ke bisa hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Jibiya, inda a Magama ake karkatawa zuwa bakin iyaka, a wuce Ɗan Isa da Maraɗi cikin Jamhuriyar Nijar. Duk wanda ya ɗan zauna a bakin wannan hanya zai ga motocin haya iri-iri suna wucewa, an yi musu lodin mutane da buhunan hatsi har bayansu ya durƙusa. Ba zai daɗe ba kuma zai lura da cewa wasunsu suna jan shuɗin hayaƙi mai ƙaurin baƙin mai. Direbobi kan ce irin wannan mota ta fara "shan mai", kuma maganin da aka fi saurin ambata shi ne a sauke inji a canja ringi. Sau da yawa akan canja ɗin, hayaƙin ya lafa na ɗan lokaci, sa'an nan ya dawo ya fi na da, mai mota ya yi asarar kuɗin kaya da na aiki baki ɗaya.

Wannan asara ta ƙara nauyi a shekarun baya-bayan nan. A da, mai motar da injinta ya gaji yakan nemi tsohon injin da aka kwance a Turai, wanda ake kira "Beljiyam", ya ɗora. Amma tun daga watan Janairu na 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. An sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa watan Maris na 2024, ga kuma faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 wadda ta sa duk kayan waje suka yi tsada. Saboda haka gyaran injin da ke hannu ya zama abin da mutane da yawa ba su da mafita sai shi. Bugu da ƙari, a yankin da matsalar tsaro ta addaba, mutuwar mota a tsakiyar hanya da magariba ba ƙaramin al'amari ba ne.

Abin da Ke Faruwa Cikin Silinda

Silinda rami ne zagayayye a jikin bulok ɗin inji, fistin kuwa curin ƙarfe ne mai kama da ƙaramin gwangwani da aka kife, wanda ke hawa da sauka a cikin ramin. Tsarin da yawancin motoci ke bi shi ne wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a 1876: fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta su ƙone su tunkuɗa shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kwanrod ne ke kai wannan tunkuɗa ga karanshaf, shi kuma ya mai da ita juyi.

Alal misali, a ɗauki injin fetur na Peugeot 504 mai cin cc 1,971, wanda faɗin silindarsa milimita 88 ne, tazarar hawa da saukar fistin kuma milimita 81. Idan injin yana juyi sau 3,000 a minti ɗaya, kowane fistin yana hawa ya sauka sau 50 a daƙiƙa guda. A tafiyar minti 45 da wannan gudu, fistin ɗaya zai yi ta gogar bangon silinda har tsawon kilomita 22 ko kusa da haka, alhali wutar da ke tashi a kansa ta haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a duk wannan tafiya shi ne ɗan shafen baƙin mai wanda kaurinsa bai kai na ƙwayar jan jinin mutum ba a wasu wurare, ita kuwa ƙwayar jini faɗinta wajen maikiron 7 ne, watau kashi 7 cikin dubu na milimita.

Ba a yin fistin ya cika ramin dam. Dalili shi ne ana ƙera shi da alminiyam, bangon silinda kuwa galibi baƙin ƙarfen zubi ne, kuma idan zafi ya kama su alminiyam yakan kumbura kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke yi. Don haka ake barin 'yar tazara a tsakaninsu, wadda a yawancin ƙananan motoci ba ta wuce kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na milimita ba, kwatankwacin kaurin silin gashi ɗaya ko ƙasa da haka. Wanda ya auna fistin mai sanyi zai tarar ma ba zagayayye ba ne sosai, kuma kansa ya fi gindinsa tsukewa. Da gangan aka yi shi haka, domin sai ya ɗau zafi yake cika siffarsa.

Ringi su ne ke toshe wannan tazara. Zobba ne na ƙarfe masu tsaga a gefe ɗaya, dabarar da wani injiniyan jirgin ƙasa na Ingila, John Ramsbottom, ya fito da ita a 1852. Yawanci uku ne a kowane fistin: biyu na sama suna tsare matsi kada ya zurare ƙasa, na ukun kuma yana kankare baƙin mai daga bango ya mai da shi tukunyarsa. Akwai aiki na uku da ba a cika ambata ba, shi ne cewa mafi yawan zafin da fistin ke kwasa ta jikin ringi yake bi ya shiga bango, daga can ruwan lagireto ya ɗauke shi.

Daga Ina Lalacewar Take?

Wanda ya karanci halittu ba zai rasa ganin kama tsakanin wannan tsari da gaɓar gwiwar mutum ba, inda ƙashi biyu ke motsi a kan juna, guringuntsi da ruwan gaɓa suna hana su gugar juna. Bambancin shi ne jiki mai rai yana sabunta ruwan gaɓarsa da kansa, yana kuma ɗinke ƙashin da ya tsage. Ƙarfe kuwa abin da ya zaizaye daga jikinsa ya tafi ke nan.

Babban mai zaizayar a wannan yanki shi ne ƙura. Kafin inji ya ƙone lita ɗaya ta fetur sai ya shaƙi iska kimanin lita 9,000, wato a kowace tafiya yana haɗiyar iskar da za ta cika ɗakuna. Ƙasar arewacin Katsina jigawa ce, rairayinta kuma mafi yawansa ma'adinin kwaz ne, dangin farin dutsen nan da ake kira ƙanƙara. A ma'aunin taurin ma'adinai da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, kwaz yana mataki na 7 cikin 10, ya fi gilashi tauri, ya fi baƙin ƙarfen silinda. Duk ƙwayar da ta shiga tsakanin ringi da bango sai ta bar zane.

A kan wannan sai hunturu ya ƙara nasa. Wani kaso mai yawa na hazon da ke rufe Katsina da Maraɗi daga Nuwamba zuwa Maris yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda dubban shekaru da suka wuce ƙarƙashin wani makeken tafki ne da Tafkin Chadi na yanzu ya zama ɗan ragowarsa. A cikin ruwan nan an yi wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, masu ƙwayar halitta ɗaya tak, da ake kira dayatom, waɗanda ke gina wa kansu ɓawo da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Da tafkin ya ƙafe sai ɓawonsu ya zama farar ƙasa mara nauyi, iskar arewa maso gabas tana kwasarta tana yin sama da ita. Abin mamaki ne a ce gawar halittar da ba a gani sai da madubin ƙara girma tana cikin abin da ke cin injin mota a Daddara, amma haka al'amarin yake.

Ɗan Adam ma wannan iskar yake shaƙa, sai dai an yi masa tanadi: gashin hanci, da majina mai kama ƙura, da wasu ƙananan gasu a bututun numfashi da ke share ta zuwa maƙogwaro. Inji ba shi da komai sai filtar iska. Idan ta toshe, mota ta rage ja, wasu sukan huda ta ko su cire ta gaba ɗaya, ko su yi ta busa ta da iskar famfon faci har takardar ta yage. Motar takan ɗan ƙara kuzari a ranar, shi ya sa al'adar ta ƙi mutuwa.

Akwai kuma lalacewar da ke zuwa daga cikin injin kansa. Ƙona lita ɗaya ta fetur yana haifar da ruwa kusan lita ɗaya, wanda ke fita ta salansa a matsayin tururi. Da sanyin asuba, kafin inji ya ɗau zafi, wani ɓangare na tururin yakan kwanta a bangon silinda, ya haɗu da farar wutar da ke cikin man ya zama ruwa mai cin ƙarfe. Batun yawan farar wuta a man da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma ya fito fili a rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a 2016. Haka nan kafiretar da ke ba da fetur fiye da kima tana wanke shafen baƙin mai daga bango.

Lalacewar ba ta tafiya daidai a ko'ina, kuma wannan shi ne mabuɗin maganar duka. Ta fi tsanani a can sama, inda ringi na farko ke tsayawa ya juya, domin nan ne matsi da zafi suka fi yawa, mai kuma ya fi ƙaranci. Sai ramin ya zama mai faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Har ila yau, da yake kwanrod a karkace yake tura fistin, gefe ɗaya ya fi cinyewa, ramin ya tashi daga zagayayye ya koma siffar ƙwai. A can bakin ramin, inda ringi ba ya kaiwa, akan bar wani ɗan tudu da farce ke iya ji. Sabon ringi zagayayye ne. Idan aka sa shi cikin rami mai siffar ƙwai ba zai kwanta ko'ina ba, kuma a kowane hawa da sauka sai ya buɗe ya tsuke har ya gaji. Idan ma ba a kankare tudun nan ba, yana iya dukansa ya karye.

Awo Kafin Yanka

Tun kafin a kwance inji ya kamata a tabbata daga ina matsalar take, domin shuɗin hayaƙi yana iya zuwa daga robobin bawul da suka bushe, wanda gyaransa bai kai na silinda ba. Akan cire filogi a sa ma'aunin matsi a kowace silinda. Wadda ta yi ƙasa sai a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake aunawa. In matsin ya tashi, laifin na ringi da bango ne, in bai tashi ba sai a duba bawul ko gaskit.

Bayan an sauke inji an wanke bulok, ido da yatsa ba su isa su yanke hukunci ba. Ana buƙatar maikiromita da ma'aunin rami mai fuskar agogo, waɗanda ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Kowace silinda sau shida ake aunawa: sama, tsakiya da ƙasa, kowanne ta tsawon inji da kuma ta gicciye. Bambancin sama da ƙasa shi ke nuna yadda ta buɗe, bambancin tsawo da gicciye kuma ya nuna yadda ta zama ƙwai. Kowane kamfani ya rubuta iyakarsa a littafin gyara, amma galibi idan bambancin ya haura kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita, canjin ringi kaɗai gyaran gangar Abzinawa ne. Fistin ma ana auna shi a gindi, ta gicciyen ƙusarsa, a kuma duba ramukan da ringi ke zama, domin idan sun buɗe ringi yakan riƙa kaɗawa yana tura mai sama kamar famfo.

Idan awo ya nuna ramin ya wuce iyaka, sai a kai bulok shagon masu borin, a faɗaɗa dukkan silindu su koma zagayayyu, a sa fistin da ya fi na asali girma. Matakan da aka saba su ne ƙarin milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00, waɗanda a kasuwar kayan gyara irin ta Ƙofar Ruwa a Kano aka fi sani da 010, 020, 030 da 040, lissafin da aka gada daga awon inci. A nan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare: a yi borin tukuna, sa'an nan a tafi kasuwa neman fistin. Daidai shi ne a sayo fistin, a kai wa mai borin ya auna kowanne, ya yanka rami gwargwadonsa, domin fistin biyu da aka rubuta wa lamba ɗaya ba lalle ne su zo daidai ba, balle a kasuwar da jabu ya yi yawa. Zancen cewa borin yana ƙara wa mota ƙarfi kuwa ba shi da tushe sosai. Ƙarin milimita 0.50 a inji mai cc 2,000 kaɗan kawai ya ɗara kashi ɗaya cikin ɗari na girmansa. Ƙarfin da direba ke ji matsin da ya ɓace ne ya dawo.

Mai borin ba ya kai ramin girmansa na ƙarshe da wuƙar injin. Yakan bar 'yan kashi cikin ɗari na milimita, ya ƙarasa da duwatsun washi da ke juyawa suna hawa da sauka, aikin da ake kira honin. Wannan mataki ne aka fi raina wa, alhali shi ne ke yanke tsawon ran gyaran. Mai mota yakan so ya ga bango yana ƙyalli kamar madubi, amma bango mai santsi ba ya riƙe mai. Abin da ake nema shi ne ƙananan zane masu gittawa juna, kamar saƙar tabarma, a karkace wajen digiri 45. Kwarin zanen ne ke ajiye mai, tudunsa kuma shi ne sabon ringi ke ci a hankali har ya kwanta. Gogar da wasu ke yi da samfefa a hannu ba ta ba da wannan zane, ba ta kuma gyara siffar rami.

Sa'an nan sai wanki. Burbushin dutsen washi da ya maƙale cikin zanen ya fi ƙurar hanya tauri, kuma fetur ko kananzir ba sa fitar da shi sosai. Ruwan zafi da sabulu da buroshi ne maganinsa, a yi ta wankewa har farin ƙyalle mai ɗan mai ya shiga ramin ya fito fari, a shafe bangon da mai nan take kada ya yi tsatsa. Garejin da ake haɗa inji a ƙasa, a fili, cikin watan Janairu, yana iya mai da rabin abin da aka wanke kafin a ɗaure kan injin.

Peugeot Daban Take

Ba kowane inji ake wa borin ba. Peugeot 504, wadda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya yi ta harhaɗawa har tsakiyar shekarun 2000, injinta na fetur yana da silindu masu cirewa, waɗanda kanikawa ke kira silif, ruwan sanyaya inji yana zagaya su kai tsaye. Idan sun cinye sai a zare su, a sa sababbi tare da fistin da ringin da aka haɗo su da su tun daga masana'anta. Wannan na cikin dalilan da suka sa 404 da 504 suka daɗe a hanyoyin Katsina da Maraɗi, domin bakanike yana iya sabunta su ba tare da ya ga injin borin ba. Sai dai silif yana da nasa sharaɗin: dole bakinsa ya ɗara fuskar bulok da ɗan abin da littafi ya ƙayyade, don gaskit ya danne shi. In ya gaza, ko abin toshiyar da ke gindinsa ya motsa, ruwa zai sauka cikin baƙin mai ya mai da shi kamar koko.

Bulok ɗin da aka yi wa borin har ya ƙure mataki ma ana iya ceto shi, a faɗaɗa ramin a cusa masa siririn silif a matse, a dawo da shi girman asali. Wasu injunan zamani kuwa, masu bulok ɗin alminiyam da siririn bango, masu ƙera su sun hana a yi musu borin sam.

Haɗawa da Kwanakin Farko

Kafin a ɗora ringi a kan fistin, ana cusa kowanne shi kaɗai cikin silindarsa a auna tsagarsa da siraran ƙarafan awo. A rami mai faɗin milimita 88 tsagar takan kama daga 0.3 zuwa 0.5 na milimita. Idan ta yi kaɗan, zafi zai sa bakunan su haɗu, ringi ya rasa inda zai miƙe, ya kama bango ya kwarzane shi. Ringin da aka yi wa alama a fuska ɗaya, alamar sama take kallo, idan aka kife shi sai ya riƙa kwaso mai zuwa sama maimakon ya sauke shi. Ana rarraba tsagogin kada su yi layi ɗaya, a kuma lura da kibiyar da ke kan fistin mai nuna gaban inji.

Kilomita dubu na farko su ne lokacin da ringi da bango ke sabawa da juna. Barin sabon inji yana ta aiki a tsaye wuni guda, wai don ya "sake", ba ya taimakawa, domin matsin ƙuna ne ke shiga bayan ringi ya manna shi da bango, kuma inji a tsaye ba ya ba da wannan matsi. Sakamakon shi ne bangon ya yi santsi tun ringi bai kwanta ba, shan mai ya fara daga ranar farko. Abin da ya dace shi ne tafiya da matsakaicin kaya, ana sauya gudu, ba tare da an takura injin a babban giya ba, sa'an nan a juye mai da filtarsa. Direban haya da ya yi mako guda motarsa na gareji, mai mota kuma yana jiran balas, da wuya ya iya wannan haƙuri, kuma ba a ga laifinsa ƙwarai ba. Amma buhu goma a bayan mota washegarin haɗa inji yana cikin abubuwan da ake ɗora wa bakanike laifinsu daga baya.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko kwabo, wanda ya kamata a yi a ranar da aka ɗora injin, a kuma riƙa maimaitawa duk lokacin hunturu. A kwance robar da ta taso daga gidan filtar iska zuwa inji, a shafa cikinta da yatsa. Idan yatsa ya fito da gari-gari, to ƙura tana samun hanya, ko ta yagaggiyar filta, ko ta murfin da bai zauna ba, ko ta tsaga a jikin robar, kuma tana tafiya kai tsaye zuwa bangon da aka gama biyan kuɗin yankansa.